Yadda Turawa Suka Yanka Wa Labarin Fatalwa Lokaci



A shekarar da na gama sakandare wani yayana ya sayo mini wani tsohon littafin Turanci wajen masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin titi. Littafin ba bango, shafukan farko sun yage, ga warin ajiya kamar an tono shi daga ƙasan adaka. Gajerun labarai ne na fatalwa, kusan ashirin. Da ƙamus a gefe na karanta shi, da fitilar ƙwai, cikin sanyin hunturu, kuma akwai labari ɗaya a ciki na wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya hana ni fita tsakar gida ni kaɗai har tsawon mako guda. Zan dawo kansa. Abin da na lura da shi tun a lokacin shi ne yawancin labaran iri ɗaya suke buɗewa: mutane zaune gaban murhu, an rufe ƙofa, waje iska na kaɗa busasshen ganye, sai wani dattijo ya gyara murya.

Shekaru suka shuɗe, ni ma na zama mai rubuta littafi ina kai wa 'yan kasuwa. Kwanaki 'yata ta nuna mini hotuna a wayarta, Turawa sun jera littattafan ban tsoro kusa da kabewa da kyandir, wai watan Oktoba ya kama, lokacin karatun fatalwa ya yi. Ta ce, "Umma, shi tsoro har lokaci gare shi kamar mangwaro?" Na yi dariya, amma tambayar ta zauna mini. Da na bi diddigi sai na tarar abu biyu ne suka haɗu suka yanka wa wannan karatu lokaci, wato duhu da kasuwa. Na biyun shi ya sa na ɗauki biro, don ya taɓa sana'ata.

Mu fara da duhun. Mu a nan tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bambancin bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, shi ya sa ba mu cika lura ba. A Landan kuwa, daga Oktoba yini yake fara tsukewa, kafin ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba, hasken yini gaba ɗaya bai kai sa'a takwas ba. Ka ƙaddara wannan a zamanin da babu lantarki, an gama girbi, babu aikin gona, kuma kyandir kansa akwai haraji a kansa a Ingila daga 1709 har 1831. Talaka ba zai kunna wuta a kowane ɗaki ba. Gida duka sai ya taru gaban murhu ɗaya, mata na kaɗi, tsofaffi na zuba labari. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu ma da kaka, in an kai amfani rumbu, ciki ya ɗauka, sannan dandali yake cika, sannan Dodo yake fitowa a bakin kakanninmu, kuma wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya ya san ba a yin ta da rana, ana ce wa yaro zai ɓata a kasuwa.

Mutanen Ailan da Sukotilan na dā suna da wani biki a daren ƙarshen Oktoba da ake furta sunansa Sawin, bikin rufe girbi da shiga rabin shekara mai duhu. A tsofaffin hikayoyinsu, a wannan dare ne ƙofar da ke tsakanin mutane da mutanen ɓoye take buɗewa. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyanta, 2 ga wata kuma ranar addu'a ga matattu, daren jajiberen shi ne ya zama Halowin. A nan sai na ɗan tsaya: a aƙidarmu wanda ya mutu ya tafi ke nan, in an ga wani abu da siffarsa, malamai suka ce aljani ne. Fatalwar Bature kuwa mamacin ne da kansa, ya dawo saboda wani bashi da bai biya ba, ko wani zalunci da aka binne tare da shi. Shi ya sa labaransu kusan duk na tonon asiri ne, tsoron kan hanya kawai ake gamuwa da shi.

To amma ga abin da ya ba ni mamaki. A Ingila, inda aka fi rubuta waɗannan labarai, ba Oktoba ne lokacinsu ba. Tsakiyar hunturu ne, daren Kirsimeti. Tun wajen 1611 Shakespeare ya sa wani yaro a wasansa The Winter's Tale yana gaya wa uwarsa cewa labarin aljanu shi ya dace da lokacin sanyi, ka ga ke nan al'adar ta riga shi.

Akwai kuma wata shekara da sanyin ya zo ba a lokacinsa ba, labarin fatalwa ya biyo shi. A watan Afrilu na 1815 dutsen Tambora a Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta hau sama ta rage hasken rana a duniya, har 1816 ta zama shekarar da Turawa suke kira marar bazara. A watan Yuni na shekarar wasu matasa 'yan Ingila suka je hutu bakin tafkin Janeba a Siwizalan, cikinsu da mawaƙi Byron, da mawaƙi Shelley, da wata yarinya Mary 'yar shekara 18 wadda daga baya ta auri Shelley, da likitan Byron mai suna Polidori. Ruwa da tsawa suka tsare su a gida kwana da kwanaki. Suka ɗauko wani littafin labaran fatalwa na Jamusawa da aka juya zuwa Faransanci suna karanta wa juna, da ya ƙare sai Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Manyan mawaƙan nan biyu ba su ƙarasa komai ba. Yarinyar da ba a sa a lissafi ba ita ta fito da Frankenstein a 1818, likitan kuma ya fito da The Vampyre a 1819, wanda daga gare shi labaran mai shan jini na Turanci suka yi tsatso. Ina son wannan labari ƙwarai, ko don yarinyar.

Yanzu ga kasuwa. A ƙarshen 1843 Charles Dickens yana cikin matsi. Littafinsa Martin Chuzzlewit da ake fitarwa kashi-kashi duk wata ba ya tafiya, masu buga masa suna maganar rage masa kuɗi, matarsa na da cikin ɗa na biyar, ga dangi kowa ya miƙo hannu. Duk marubucin da ya taɓa kai littafi kasuwa aka ce masa "wancan ma bai ƙare ba" ya san wannan zafi. Cikin kamar mako shida ya rubuta A Christmas Carol, labarin wani attajiri marowaci da fatalwar abokin cinikinsa ta zo masa a daren Kirsimeti tana jan sarƙa, sannan wasu ruhohi uku suka zagaya da shi jiyansa da yaunsa da kabarinsa. Ya fito ranar 19 ga Disamba, kafin jajiberen Kirsimeti kwafi 6,000 sun ƙare.

Sai ka ce ya warke. Ina! Shi ya dage a yi wa littafin bango mai ado da ruwan zinare da hotuna masu launi, kuma a sayar sule biyar kacal. Ya sa ran fam 1,000, da aka yi lissafi fam 230 ya samu. Ba a rufe wata guda ba 'yan satar fasaha suka fitar da nasu a kan kwabo biyu. Ya kai su kotu ya yi nasara, su kuwa suka ce sun karye, aka bar shi da kuɗin shari'a kusan fam 700. Da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi tagumi, don ni ma na taɓa ganin littafina a hannun wata yarinya, bugun da ban san da shi ba, takarda kamar ta ƙunshe ƙosai, sunana ma an rubuta shi ba daidai ba.

Amma Dickens ɗan kasuwa ne, ya gane inda riba take. A 1850 ya buɗe mujallarsa ta mako-mako, Household Words, kwabo biyu, a 1859 ya maye gurbinta da All the Year Round, kuma duk ƙarshen shekara sai ya fitar da bugu na musamman cike da labarai, da yawansu na fatalwa. Don ka gane girman abin, sabon littafin labari a lokacin ana fitar da shi ne kashi uku, a kan fam ɗaya da sule goma sha ɗaya da sisi, kuɗin da ya fi albashin mako na leburori da yawa. Saboda haka mutane haya suke yi, wajen wani Mudie da ya fara ba da hayar littafi a 1842, ka biya fam ɗaya da sule ɗaya a shekara kana ɗaukar kashi ɗaya ka dawo da shi ka karɓi na gaba. Na ɗaya, na biyu, na uku, da shagon haya. Kai ka ce Kano ake ba da labari a shekarun 1990. A irin wannan kasuwa mujallar 'yan kwabbai da ke ɗauke da cikakken labari, wanda za a karanta a zama ɗaya a gaban murhu kowa na ji, ai kamar ruwa ne a wajen mai ƙishi. Bugun ƙarshen shekara na Dickens ya riƙa sayar da kwafi fiye da 200,000. Sauran mujallu suka ga haka, kowa ya shiga neman mai rubuta masa fatalwa kafin Disamba. Al'adar da ta kasance ta baki, a ƙauye, ta koma kayan sayarwa mai lokaci, kamar yadda tela ya san watan azumi.

Su wa suke rubutawa? Mata, da yawan gaske. Elizabeth Gaskell ta ba Dickens labarin wata tsohuwar mai reno da fatalwar ƙaramar yarinya a cikin ƙanƙara a 1852. Amelia Edwards ta ba shi na wata keken doki mai ɗauke da matattu a 1864. Charlotte Riddell ta yi ta rubuta labaran gidajen da ake jin motsi a ciki tana biyan bashin da mijinta ya ci, kuma in ka duba labaranta za ka ga fatalwar kullum a kan gado ne, ko kuɗin haya, ko wata takarda da aka ɓoye. Margaret Oliphant mijinta ya rasu a 1859 ya bar ta da 'ya'ya da bashi, daga baya iyalin ɗan'uwanta ma suka dawo wuyanta, ta rubuta littattafai fiye da 90, masu sharhi suna yi mata gorin wai ta cika yawan rubutu. To da me za ta ciyar da su, da yabon masu sharhi? Na san mata a garin nan da suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu da biro da littafin rubutu mai shafi tamanin, bayan sun gama tuwon dare, kuma gorin da aka yi musu bai bambanta da wannan ba ko kaɗan.

Ƙasa da waɗannan ma akwai wasu. Akwai 'yan takardu na kwabo ɗaya da ake fitarwa duk mako don yaran masana'antu da 'yan aike, irin Varney the Vampire da ya yi ta fita daga 1845 zuwa 1847 har ya haura babi 200. Yara kan haɗa kuɗi su sayi ɗaya ya zagaya hannu goma. Malaman coci da 'yan jarida suka taso musu, wai su ke lalata tarbiyya, su ke koya wa yara sata. Wanda ya rayu a shekarun da ake ta muhawara a jaridu kan littattafanmu, ana kiran su adabin kasuwa da nufin ƙasƙanci, ya san wannan waƙar baiti-baiti. Ba na cewa duk abin da aka rubuta a can ko a nan mai kyau ne, akwai shara da yawa, ni ma akwai littafina biyu da nake fata a manta da su. Amma yau waɗancan takardun kwabo suna ajiye a manyan ɗakunan karatu na Ingila, ana rubuta digiri a kansu.

Masu ilmi su ma ba su tsira daga al'adar ba. M. R. James babban masanin tsofaffin rubuce-rubuce ne a jami'ar Kambirij. Ya fara karanta wa abokansa labaransa biyu a ranar 28 ga Oktoba 1893, daga baya ya mai da abin al'adar jajiberen Kirsimeti: a taru a ɗakinsa, ya hure kyandirori ya bar guda ɗaya, ya zauna kusa da shi ya karanta. Ya tattara su a littafi a 1904. Shi ba ya zubar da jini, ba ya kururuwa. A ɗaya daga ciki wani farfesa da bai yarda da camfi ba ya tsinci tsohon usur a kango kusa da teku, ya busa. Ɗakin da ya sauka gado biyu ne. Da safe mai aiki ta tambaye shi a wanne za ta shimfiɗa masa bargo, don duka biyun a yamutse suke. Wannan tambaya kaɗai ta fi mini aljani mai ido goma, kuma darasi ce ga 'yan'uwana marubuta da ke fito da dodonsu tun shafi na uku.

Labarin binciken kisa ɗan'uwan na fatalwa ne, uwa ɗaya suka sha, bambancin kawai a ƙarshe mai bincike yana kunna fitila a ga mutum ne. Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 don ya gaji da shi, masu karatu da masu mujalla suka matsa, ya dawo da shi a The Hound of the Baskervilles daga Agusta 1901 zuwa Afrilu 1902. Labarin a cikin Oktoba yake faruwa, a wani fili mai hazo da taɓo, ana cewa wani karen aljanu ke bin zuriyar wani gida yana kashewa. Ashe wani ɗan dangi ne mai kwaɗayin gado ya sayi ƙaton kare ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu. Gado dai, kamar kullum.

To yaya aka yi abin ya baro Disamba ya dawo Oktoba? Amurka ce ta ja shi. Turawan farko da suka zauna a Masacusets 'yan tsattsauran ra'ayi ne, har sun haramta bikin Kirsimeti daga 1659 zuwa 1681, saboda haka hirar fatalwa ta daren bikin ba ta yi saiwa a can kamar a Ingila ba. Shahararren labarin fatalwarsu na farko, The Legend of Sleepy Hollow na Washington Irving, 1820, a kaka yake: wani malamin makaranta matsoraci ya je walimar girbi gidan yarinyar da yake so, aka cika shi da labarin wani mahayi marar kai, a hanyar komawa mahayin ya biyo shi ya jefe shi da kansa. Da safe aka tsinci hularsa da fasasshiyar kabewa, abokin takararsa kuwa duk lokacin da aka ambaci kabewar sai ya tuntsire da dariya. Ko sau ɗaya ba a ambaci Halowin a labarin ba. Halowin ta yi ƙarfi ne bayan yunwar dankali ta Ailan da ta fara a 1845, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗin, akasarinsu zuwa Amurka. Suka tafi da darensu na ƙarshen Oktoba. A gida wata saiwa mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma ta fi sauƙin fafa. Sai 'yan alewa da 'yan fim da masu buga littafi suka karɓa, Ray Bradbury ya sa wa tarin labaransa suna The October Country a 1955, Agatha Christie ta Ingila ma ta rubuta Hallowe'en Party a 1969, fim ɗin Halloween ya fito a 1978, daga nan kuma abin ya bi talabijin da intanet ya zagaya duniya har ya iso wayar 'yata. Japanawa dai ba su bi ba, su nasu lokacin tsakiyar zafi ne, wajen Agusta, lokacin bikinsu na tunawa da magabata, suna cewa tsoro yana sanyaya jiki. A dā har wasa gare su na kunna fitilu ɗari, duk wanda ya gama labari ya kashe ɗaya.

Saura labarin da na yi alkawari. Sai bayan shekaru na gane na Dickens ne, The Signal-Man, daga bugun Kirsimeti na 1866. Wani ma'aikaci ne mai ba jiragen ƙasa hannu, shi kaɗai a wani kwazazzabo mai zurfi kusa da bakin ramin da jirgi ke ratsawa ta ƙarƙashin tudu. Yana ganin wani mutum tsaye wajen jar fitila, yana kiransa yana yi masa gargaɗi. Ganin farko, mutumin ya rufe fuska da hannu ɗaya yana kaɗa ɗayan, bayan sa'a shida aka yi mummunan haɗari. Gani na biyu, wata budurwa ta mutu a cikin jirgi. Yanzu ga shi ya dawo na uku, kuma abin da ke cin ma'aikacin shi ne an nuna masa masifa na zuwa, ba a gaya masa ina ba ko yaushe, in ya buga waya ya ce a tsai da jirage za a ce ya haukace a kore shi. Washegari baƙon da ya ba wa labarin ya dawo ya tarar jirgi ya take shi. Direban ya nuna yadda ya yi ta yi masa ihu, ya rufe fuska da hannu ɗaya don kada ya gani, yana kaɗa ɗayan.

Shekara ɗaya da rabi kafin wannan labari ya fito, ranar 9 ga Yuni 1865, Dickens yana cikin jirgin da ya faɗa wata gada a Staplehurst, inda masu gyara suka cire ƙarafan hanya saboda shugabansu ya duba jadawalin ranar da ba ita ba. Mutum 10 suka mutu. Taragonsa ya tsaya a reto bai faɗa ba, ya fito ya riƙa ɗebo ruwa a hularsa yana ba waɗanda ke shure-shuren mutuwa, sannan ya tuna rubutun littafin da yake kai, Our Mutual Friend, yana cikin aljihun kwat ɗinsa a taragon, ya sake hawa ya ɗauko. 'Ya'yansa sun ce daga ranar in ya shiga jirgi wani lokaci sai rawar jiki ta kama shi, gumi ya karyo masa, ya ƙanƙame kujera. Ya rasu a 1870, ranar 9 ga Yuni.